Makilin mai fuloraid ko na ganye? Likitocin haƙori sun amsa tambayoyinku

Wasiƙu da yawa sun iso mana a kan abin da ya kamata a riƙa goge baki da shi. Mun tattara waɗanda suka fi maimaituwa, mun miƙa wa likitocin haƙori da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na daɗe ina amfani da makilin na yau da kullum, sai abokina ya ce in daina, wai sinadari ne zalla, in koma na ganye mai darbejiya da kanumfari. Wanne ya fi? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki wanda aka zana wa ganye a gaba, ka juya bayan kwalin ka karanta. Za ka tarar da garin da ke kankare datti, yawanci alli ko silika, da abin sa kumfa, da abin da ke hana shi bushewa, da abin ƙamshi, kamar dai yadda suke a wancan. Ruwan ganyen ɗan kaɗan ne, shi ya sa sunansa ke zuwa can ƙasa, domin ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Kuma da yawa daga cikin na ganyen da ke kasuwa akwai fuloraid a cikinsu, wato sinadarin nan da ke ƙara wa haƙori tauri. Saboda haka abin da za ka nema a kowane makilin, mai ganye ko marar ganye, shi ne: akwai fuloraid, kuma nawa ne?

Ga dalili. Abin da muke kira tsutsar haƙori ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori, wanda in ka kankara da farce yake fitowa kamar ƙullu. Duk sanda ka kurɓi shayi mai suga, ko zoɓo, ko lemon kwalba, ko ka tsotsi alewa, su ma sun samu abinci, sai su fitar da ruwa mai tsami. A ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, baki yana zaune a wajen 7. Da zarar ya sauka ƙasa da 5.5, farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fara narkewa. Yawu ne ke kawo ɗauki: cikin rabin awa zuwa awa guda yake wanke tsamin, ya mayar da sinadarin kalsiyam da ya zube. Haka ake yi kullum, ana ɗiba ana mayarwa, kuma rami yana samuwa ne idan ɗiba ta fi mayarwa yawa. Shi ya sa mai kurɓar shayi kaɗan kaɗan daga safe zuwa azahar ya fi wanda ya shanye kofinsa a zama ɗaya shiga haɗari, ko da sugansu ɗaya.

Fuloraid yana aiki ne daidai a wannan wurin. Yana hanzarta mayar da abin da ya zube, kuma sabon ɓawon da aka gina da shi ya fi tauri, ba ya narkewa sai tsami ya kai wajen 4.5. Farin tabo mai kama da alli da ake gani kusa da dasashi, wanda shi ne farkon ruɓewa, yana iya warkewa da fuloraid tun bai zama rami ba. Gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan dubban yara sun nuna makilin mai fuloraid yana rage ruɓewar haƙori da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da marar shi, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta wadata mutanenta da su.

Ganyen fa? Suna da nasu amfanin. Man kanumfari yana kashe zafi, har mu ma muna amfani da shi cikin cikon wucin gadi. Darbejiya tana rage wasu ƙwayoyin cuta. Wajen rage datti da jinin dasashi, makilin ganye yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da na yau da kullum, domin mafi yawan wannan aikin buroshi ne ke yin sa. Amma babu ganyen da aka tabbatar yana ƙara wa ɓawon haƙori tauri yadda fuloraid ke yi. In kana son ɗanɗanon kanumfari ko na darbejiya, sayi abinka, muddin akwai fuloraid a ciki.

Yadda za ka gane: nemi lamba mai haruffan ppm a bayanta, ita ce ke nuna yawan fuloraid ɗin da ke ciki. Daga 1000 zuwa 1500 ake so, kuma 1450 ya fi dacewa da babba. Wasu kamfanoni kashi cikin ɗari suke rubutawa. Sodium Fluoride 0.32% daidai yake da 1450. Sodium Monofluorophosphate 0.76% shi ne 1000, in kuma 1.1% ne to 1450 ke nan. Stannous Fluoride 0.454% kuwa 1100 ne. In ka ga an rubuta Fluoride Free, ko sans fluor a kayan da ke shigowa ta Nijar da Kamaru, babu shi a ciki. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka guji wanda ya wuni a rana a kan tire ko baro, domin zafi da daɗewa suna sa fuloraid ya haɗe da allin da ke ciki, amfaninsa ya ragu.

Tambaya: An turo mini saƙo a WhatsApp cewa ɗan layin da ke gindin robar makilin yana nuna abin da ke ciki: kore na ganye ne zalla, baƙi kuma sinadari zalla. Gaskiya ne? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Alama ce da aka yi wa injin masana'anta, ita yake hangowa ya san inda zai juya robar ya manne bakinta, don rubutun ya fuskanci gaba. Launin da zai fi fitowa a jikin robar ake zaɓa. Za ki ga irinta a robar man shafawa da ta man gashi. Abin da ke cikin makilin yana rubuce a jerin kayan haɗi, can za ki duba.

Tambaya: Likita, na haura shekara sittin, aswaki nake yi tun ina yaro, iyayenmu ma da shi suka rayu har suka tsufa da haƙoransu. Me zai sa in ƙara da makilin? (Wani dattijo, Gusau)

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kada ka bar aswaki. Sunna ce mai ƙarfi, kuma ta fuskar likitanci, wanda ya iya riƙe shi yana fitar da datti daga fuskar haƙori kamar yadda buroshi ke yi. Yadda ya fi aiki: a samu ɗanye ko a jiƙa busasshe, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. A ɓare kansa kamar santimita guda, a tauna har ya yi laushi kamar gashin buroshi, a riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, ɗaya bayan ɗaya. A yanke kan da aka yi amfani da shi kullum, kada a jefa shi aljihu da danshinsa tare da kuɗi da makulli.

Yana da gazawa biyu. Gashinsa a miƙe yake da sandar, don haka da wuya ya kai bayan haƙoran gaba ta wajen harshe, da ƙurya inda turame suke. Na biyu, masu dirza shi da ƙarfi gefe zuwa gefe, ko masu barin sa a baki suna gogawa tsawon wuni, dasashinsu yana ja da baya, har ka ga wani ɗan kwari a wuyan haƙori kamar an sare shi da gatari.

Wannan na biyun ne ya shafe ka kai tsaye. Da shekaru suka ja, saiwar haƙori takan fito fili, ita kuwa ba ta da farin ɓawon nan, tsami kaɗan ke cin ta. Ga shi yawu yana raguwa, musamman ga masu shan wasu magungunan hawan jini ko masu ciwon suga. Shi ya sa ake ganin dattijon da bai taɓa ciwon haƙori ba ya fara samun ramuka a gindin haƙora bayan ya haura sittin. Iyayenmu kuma tuwo da fura da nono suka fi ci, ba su sha sugan da ake sha yanzu ba. Fuloraid ɗin da ke cikin itacen aswaki bai taka kara ya karya ba.

Ka haɗa biyun. Aswaki a kowace alwala, makilin sau biyu. Na dare shi ne mafi muhimmanci, domin yawu yana ja baya idan mutum ya yi barci. Ka bari sai ka idar da isha'i, ka gama ci da sha, sannan ka goge na minti biyu da buroshi mai laushi, ka tofar da kumfar, kada ka kurkure. Kurkurewa tana wanke fuloraid ɗin tun bai yi aiki ba, kuma nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗin makilin ɗinsu. Da safe ma a fara alwala, gogewa ta biyo baya. A watan azumi, bayan sahur kafin ketowar alfijir, sai kuma lokacin kwanciya.

Tambaya: Yarana biyu, ɗaya shekara biyu, ɗaya biyar. Ƙaramin haɗiye makilin yake yi. Na ji tsoro na sayo musu marar fuloraid. Na yi daidai? (Wata uwa, Katsina)

Amsa: Tsoronki yana da tushe, Hajiya, amma maganinsa rage yawan da kike matsawa. Hoton da ake nunawa a talla, makilin ya cika buroshi daga kai zuwa gindi, ya yi wa yaro yawa ƙwarai. Daga fitowar haƙorin farko, wajen wata shida, zuwa shekara uku, shafawa kawai ake yi, kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kwatankwacin ƙaramar ƙwayar wake. Ko ya haɗiye wannan ba zai cutar da shi ba. Makilin ya kasance mai 1000 ppm ko sama, domin na yara masu 500 ba a tabbatar suna karewa sosai ba.

Ke za ki matsa, ke za ki goge. Ki zaunar da ƙaramin a cinyarki, bayansa a ƙirjinki, ki ɗaga leɓensa na sama ki ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, domin nan ruɓewa ke farawa ga yaran da ke barci da fida ko ake ba su shayi da lemo. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai ya kai bakwai ko takwas. Babban naki kuma ki sa masa ido yanzu: wajen shekara shida turmin farko na dindindin yake fitowa can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka shi ma na famfara ne, su ƙyale shi ya ruɓe, alhali babu wani da zai maye gurbinsa.

Haɗarin gaske shi ne yaro ya samu robar ya zauna ya shanye, musamman mai ɗanɗanon alewa. Likitoci suna ɗaukar miligiram 5 na fuloraid a kowane kilo na nauyin jiki a matsayin abin gaggawa. Ga yaro mai kilo 10, wannan kamar giram 35 ne na makilin mai 1450, wato kusan rubu'in babbar roba mai giram 140. In haka ta faru, a ba shi madara, domin kalsiyam ɗinta yana kama fuloraid a ciki, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti tare da robar. Ki riƙa ajiye makilin inda kike ajiye magani.

Tambaya: A garinmu haƙoran mutane da yawa sun yi ja kamar na masu cin goro, har da yara. An ce ruwanmu ne yake da fuloraid. Na kuma ji an ce yana rage kaifin ƙwaƙwalwa. To ba ƙara wa kanmu cuta muke yi da makilin ba? (Wani malamin makaranta, jihar Gombe)

Amsa: Malam, wannan tambaya ce mai nauyi, kuma abin da ka gani gaskiya ne. Ta irin wannan tabon ma aka gano amfanin fuloraid. A 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya tarar da mutanen wani yanki na jihar Kolorado a Amurka da haƙora masu tabo ruwan ƙasa, amma abin mamaki ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gane fuloraid ne ya yi yawa a ruwansu. Kaɗan yana karewa, mai yawa yana ɓatawa.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. Akwai wuraren da duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke sa ya wuce haka, kamar yankin Kaltungo a jiharku da Langtang a Filato. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ɓata haƙora, ya kuma lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara kafin a gane musabbabin. Maganar ƙwaƙwalwa ma daga nan ta taso: rahoton da wata hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2024 ya danganta raguwar kaifin basirar yara da ruwan sha wanda ya haura 1.5 ɗin nan. Maganar ruwa ce da ake sha lita lita kowace rana, shekara da shekaru.

Tabon yana samuwa ne lokacin da haƙori yake ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, ta hanyar abin da aka haɗiye. Haƙorin da ya riga ya fito, makilin ba zai sa masa wannan tabo ba. Saboda haka manya da matasan garinku su ci gaba da makilin mai fuloraid suna tofarwa, domin haƙorin da tabon ya yi masa tsanani yakan yi ƙananan ramuka, datti ya maƙale, ya ruɓe. Ƙananan yara ne abin kula. A nan ne kaɗai muke ganin makilin marar fuloraid yana da gurbi: yaron da bai iya tofarwa ba, a garin da aka auna ruwa aka tabbatar ya wuce ma'auni, bayan likita ya duba bakinsa.

Babban aikin yana wajen ruwa. Ku kai samfurin kowace rijiya da burtsatse ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, domin rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta. Wadda ta fi ƙaranci a ware ta don sha da girki, sauran a yi wanka da wanki. Tafasawa ba ta cire fuloraid, tana ma ƙara masa kauri saboda ruwan da ke ƙonewa, kuma tacewa da ƙyalle ba ta taɓa shi. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ba shi da shi sosai. Masu tabon kuma ana iya goge musu saman haƙorin a asibiti ko a lulluɓe shi da farin ciko.

Tambaya: Ina cin goro, haƙorana sun rine. Gawayi da gishiri nake dakawa ina gogawa, yanzu kuma na ga makilin gawayi a kanti. (Wani direba, Damagaram)

Amsa: Ka daina, Malam. Gawayi da toka da gishiri mai tsakuwa suna kankare rinin tare da ɓawon haƙorin, ɓawon kuwa ba ya tsirowa. Abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne, don haka da farko za ka ga haske, daga baya haƙorin ya ƙara duhu, ruwan sanyi ya fara tsira maka har ƙwaƙwalwa. Makilin gawayi ma da yawansu ba su da fuloraid. Ka riƙa kurkure baki da ruwa duk sanda ka gama cin goro, ka je a wanke maka haƙora da inji sau ɗaya ko biyu a shekara. In tsirawar ta riga ta fara, nemi makilin da aka rubuta Potassium Nitrate 5% ko Stannous Fluoride, ka ba shi mako biyu zuwa huɗu.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, dasashina yana jini in na goge, sai na rage gogewa. Na ganye zai tsayar da shi? (Wata mai karatu, Bauchi)

Amsa: Allah ya raba lafiya. Juna biyu yana sa dasashi ya kumbura da ɗan dattin da a da bai dame shi ba, kuma rage gogewa ƙara jinin yake yi. Ki samu buroshi mai laushi, ki karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ki goge a hankali sau biyu a rana ko da yana jini. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga sauƙi. Makilin mai fuloraid ba ya cutar da ciki. In kin yi amai, ki kurkure da ruwa, ki jira rabin awa kafin ki goge, domin tsamin ciki yana tausasa ɓawon haƙori. In jinin ya ƙi tsayawa, dattin ya daskare ne ya zama kamar dutse, sai an kankare shi a asibiti, kuma ana yi wa mai ciki.

Tambaya: Turmina yana da rami. In na cusa kanumfari sai ya lafa, yanzu ma ya daina ciwo gaba ɗaya. Ya warke ke nan? (Wani matashi, Sakkwato)

Amsa: Bai warke ba, ɗan'uwa. Kanumfari yana sa jijiya ta yi sanyi na ɗan lokaci, ramin kuwa yana ci gaba da zurfi. Haƙorin da ya daɗe yana zugi sannan ya yi shiru da kansa, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, kuma abin da ke biyo baya shi ne ruwa ya taru a ƙarshen saiwa. Babu makilin da ke cike rami, na ganye ko mai fuloraid. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a wurin, ƙona dasashi take yi, balle fetur ko ruwan batir da wasu ke ɗigawa. Ka je a ɗauki hoton haƙorin a cikin makon nan: in jijiyar tana da rai ciko ya isa, in ta mutu sai a wanke saiwar a cike ko a cire shi. In kuwa kumatunka ya kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko buɗe baki da haɗiya sun fara yi maka wuya, ka tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.